Walter Scott: Magatakardan kotun da ya raya tarihi da ƙagaggen labari, ya biya bashi da alƙalami

A watan Janairun 1826, marubucin da littattafansa suka fi na kowa kasuwa a nahiyar Turai ya wayi gari ana bin sa bashin da ya haura fam 120,000. Shekarunsa 54 a lokacin, kuma albashin da yake karɓa daga muƙamai biyu na aikin gwamnati bai wuce fam 1,600 a shekara ba. Ko da zai riƙa miƙa albashin dungurungum, bai ci ba bai sha ba, sai ya shekara sama da 70 kafin ya sauke nauyin. Doka ta ba shi mafita: ya bayyana cewa ya karye, a raba abin da ya mallaka ga masu bin sa, ragowar bashin ta bi ruwa. Abokai kuma suka yi tayin tara masa kuɗi. Duk ya ƙi. Ya zaɓi ya biya da rubutun hannunsa, kuma a kan wannan aiki ya ƙarar da shekaru shida da suka rage masa a duniya.

Sunan mutumin Walter Scott, ɗan ƙasar Sikotlan, alƙalin gunduma kuma magatakardan babbar kotu, wanda masana adabi ke ɗauka a matsayin uban ƙagaggen labarin tarihi.

Yarinta a gonar kaka

An haife shi ranar 15 ga Agustan 1771 a birnin Edinburgh. Mahaifinsa lauya ne mai tsantseni, mahaifiyarsa kuwa, Anne Rutherford, 'yar farfesan likitanci ce a jami'ar birnin. Yana da wata 18 zazzaɓi ya kama shi, wanda likitocin yau ke ganin shan-inna ne, ya bar masa ɗingishi a ƙafar dama har ƙarshen rayuwarsa. Iyayensa suka tura shi gonar kakansa da ke Sandyknowe, a yankin kan iyakar Sikotlan da Ingila, da fatan iskar karkara za ta warkar da shi. Ƙafar ba ta miƙe ba, amma zaman ya ba shi jarin da ya ci gajiyarsa har ya mutu. Kakarsa da gwaggonsa Jenny suka cika masa kunne da tsofaffin waƙoƙin baka da labaran mahara da ɓarayin shanu na kan iyaka, waɗanda wasunsu kakanninsa ne. Gwaggon ce kuma ta koya masa karatu.

Ƙasar da ya tashi a cikinta ba ta daɗe da fita daga rikici ba. A 1707 aka haɗe majalisar Sikotlan da ta Ingila, aka kafa Birtaniya, mulki ya koma Landan, sai dai Sikotlan ta riƙe dokokinta da kotunanta da cocinta. A 1745 Yarima Charles Edward Stuart, jikan sarkin da aka tsige a 1688, ya tayar da ƙabilun tsaunukan arewa domin ƙwato sarautar gidansu. Suka ci Edinburgh, suka kutsa har tsakiyar Ingila, kafin a murƙushe su a Culloden a 1746. Daga nan gwamnati ta karya ikon shugabannin ƙabilun, ta hana ɗaukar makami, har tufafin gargajiyarsu ta haramta.

Lokacin da Scott ya fara koyon aiki a ofishin mahaifinsa a 1786, sauran tsofaffin da suka yi wancan yaƙi na nan da rai. Wasunsu ma ofishin ne ke kula da shari'o'insu. Yaron ya zauna da su, ya saurari yadda suka yi yaƙi da yadda suka ɓuya a kogunan dutse bayan an ci su. Ya gane cewa cikin rayuwar mutum guda an shafe wata irin duniya an kafa wata. A kan wannan fahimta ya gina kusan duk abin da ya rubuta daga baya.

Ma'aikacin gwamnati mai rubutu da asuba

Ya zama cikakken lauya a 1792. Budurwar da ya so, Williamina Belsches, ta auri wani ɗan gidan masu banki, William Forbes, abin da ya daɗe yana ci masa rai. A ƙarshen 1797 ya auri Charlotte Carpenter, haifaffiyar Faransa, suka raini 'ya'ya huɗu. A 1799 aka naɗa shi alƙalin gundumar Selkirk da albashin fam 300 a shekara, muƙamin da ya riƙe har mutuwarsa. A 1806 ya sami na biyu, ya zama ɗaya daga cikin manyan magatakardan kotun ƙoli ta ƙararrakin jama'a a Edinburgh. Sai dai wanda ya gada bai bar albashin ba, don haka Scott ya shekara kusan shida yana aikin ba a biyan sa ko kwabo, sai a 1812 aka fara ba shi fam 1,300 a shekara.

Bai ɗauki aikin a matsayin na wucin gadi ba. Kusan rabin kowace shekara yana zaune a teburin magatakarda, ƙarƙashin kujerun alƙalai, awa huɗu zuwa shida a rana. Rubutunsa kuwa da asuba yake yi. Yakan tashi ƙarfe biyar, ya hura wutarsa, ya zauna kan tebur ƙarfe shida, kafin iyali su taru karin kumallo ya ci ƙarfin aikin ranar. Ra'ayinsa shi ne adabi sandar dogarawa ce kawai, kada mutum ya jingina abincin iyalinsa gaba ɗaya a kansa.

A gundumar Selkirk ne ya yi abota da wani mutum da sunansa ke cikin tarihin Nijeriya, wato Mungo Park. A 1804 Park yana zaune a gidansu da ke bakin kogin Yarrow, shekaru bayan tafiyarsa ta farko zuwa kogin Neja. Wata rana Scott ya iske shi shi kaɗai yana jefa duwatsu cikin ruwa, yana lura da lokacin da kumfa ke ɗauka kafin ta taso. Park ya bayyana masa cewa da haka yake gane zurfin kogi a Afirka kafin ya ƙetare. Nan Scott ya fahimci zuciyar abokinsa ta riga ta koma can. Park ya tashi a farkon 1805, ya rasu a 1806 a Bussa, tsohon garin da yanzu ke ƙarƙashin tafkin Kainji a Jihar Neja.

Da waƙa Scott ya fara suna. Ya bi ƙauyukan kan iyaka a kan doki yana tattara waƙoƙin baka daga makiyaya da tsofaffi, ya buga su a 1802 da 1803. Sa'an nan ya shiga rubuta dogayen waƙoƙin labari nasa na kansa: The Lay of the Last Minstrel a 1805, Marmion a 1808, sai The Lady of the Lake a 1810, wadda aka sayar da sama da kofe 20,000 nata cikin shekarar farko, har masu yawon buɗe ido suka fara tururuwa zuwa tafkin da ya siffanta. A 1813 aka yi masa tayin zama mawaƙin fadar Birtaniya, ya ƙi. A lokacin tauraron Lord Byron ya riga ya fito, Scott kuma ya gane cewa a fagen waƙa an sami wanda ya fi shi.

Littafin da ba shi da sunan mai shi

Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, yana neman kayan kamun kifi a wani tsohon tebur ne ya ci karo da babobin farko na wani labari da ya fara shekarun baya ya watsar. Ya ɗauko ya kammala cikin 'yan makonni. A watan Yulin 1814 littafin Waverley ya fito daga kamfanin Archibald Constable, ba tare da sunan marubuci ba. Kofe 1,000 na bugun farko suka ƙare nan da nan, kafin ƙarshen shekara an sake buga shi har sau uku.

Labarin wani matashin hafsan sojan Ingila ne, Edward Waverley, da aka tura Sikotlan a 1745, ya shaƙu da mutanen tsaunuka har ya tsinci kansa cikin rundunar 'yan tawaye. Kafin wannan littafi an sha rubuta labaran da ake cewa sun faru a zamanin da, amma mutanen cikinsu 'yan zamanin marubucin ne da aka yafa musu tsofaffin tufafi. Scott ya nuna cewa zamani da wuri da sana'a su ne ke ƙera tunanin mutum. Ya ɗauki mutum tsaka-tsaki, wanda ba gwarzo ba ne, ya ajiye shi tsakanin ɓangarori biyu masu gaba, domin mai karatu ya shiga kowane sansani ya ji hujjarsa. Sarakuna da janar-janar sukan leƙo ne su wuce. Nauyin labarin yana kan manoma da bara da mabarata da ƙananan lauyoyi, suna magana da karin harshensu na Sikotlan. Ya ba waɗanda aka ci da yaƙi mutuncinsu, amma bai ɓoye cewa duniyarsu ta ƙare ba.

Daga nan littattafai suka riƙa biyo juna: Guy Mannering a 1815, The Antiquary da Old Mortality a 1816, Rob Roy a 1817. A 1818 ya fitar da The Heart of Midlothian, wanda da yawa ke ganin shi ne mafi inganci. Jarumar 'yar mai kiwon shanu ce, Jeanie Deans, wadda ta ƙi yin rantsuwar ƙarya a kotu ko da ƙaryar za ta ceci ƙanwarta daga rataya, sa'an nan ta kama hanyar Landan da ƙafa domin roƙa mata afuwa. A tsakanin 1817 da 1819 ciwon tsakuwar matsarmama ya sa shi gaba, har wasu sassan littattafansa yana kwance yake faɗa ana rubutawa.

A ƙarshen 1819 ya bar Sikotlan ya koma Ingila ta ƙarni na 12 da littafin Ivanhoe, labarin zaman doya da manja tsakanin Sakson da aka ci da yaƙi da Norman da suka ci su, wanda a cikinsa wata Bayahudiya mai suna Rebecca ta fi kowa nagarta. A 1825 ya rubuta The Talisman a kan yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya, inda ya nuna Sarki Salahuddin a matsayin mai adalci da cika alkawari fiye da yawancin sarakunan Turai da suka zo yaƙar sa, har ya sa shi ya yi shigar likita ya warkar da abokin gabarsa, Sarki Richard na Ingila.

Shekara 13 ya yi yana ɓoye cewa shi ne marubucin. Wani ne ke kwafe rubutunsa kafin a kai maɗaba'a, domin kada ma'aikata su gane hannunsa. Daga cikin dalilansa akwai ganin cewa rubuta ƙagaggen labari bai dace da darajar magatakardan babbar kotu ba, ga kuma daɗin da yake ji idan ana ta cece-kuce a gabansa. Ya taɓa sa hannu a sharhin littattafansa a wata mujalla ba tare da bayyana kansa ba.

A fili kuwa girma yake ta ƙaruwa. A 1818 yana cikin waɗanda suka buɗe wani akwati a fadar Edinburgh suka fito da kambi da takobi da sandar sarautar Sikotlan, waɗanda aka kulle tun 1707. A 1820 aka ba shi lambar girma ta Sir. A 1822 shi ya tsara ziyarar Sarki George na Huɗu zuwa Edinburgh, ya shawo kan sarkin ya ɗaura zanen mutanen tsaunuka mai ratsi-ratsi, irin tufar da gidan sarautarsu ya taɓa haramtawa. Bikin ya mayar da kayan 'yan tawayen jiya alamar ƙasa baki ɗaya. Sai dai a daidai wannan lokaci masu filaye suna korar talakawan tsaunuka daga gonakinsu domin kiwon tumaki, kuma bikin bai ce komai a kan haka ba.

Sirrin da ya kayar da shi

Akwai wani sirri na biyu da ya fi na sunan marubuci haɗari. Tun 1805 Scott ya zuba kuɗi a maɗaba'ar abokin karatunsa James Ballantyne, ya zama mai hannun jari a ɓoye. Yakan gindaya wa masu buga littattafansa sharaɗin cewa a wannan maɗaba'a za a yi aikin, yakan kuma tura wasu marubuta can, alhali ba su san yana da rabo a ribar ba. Lauya kuma jami'in kotu ba a sa ran ganin sa cikin kasuwanci, shi ya sa ko iyalinsa da manyan abokansa ba su san zurfin shigarsa ba. A 1813 wani kamfanin buga littattafai da suka kafa ya kusa durƙushewa, sai da aka tsaya masa da lamuni. Gargaɗin bai hana shi ci gaba ba.

Inda kuɗin ke tafiya shi ne Abbotsford. A 1811 ya sayi wata 'yar gona mai eka kusan 110 a bakin kogin Tweed. Ya riƙa sayen filayen maƙwabta da tsada har ta kai eka kusan 1,400, ya gina katafaren gida mai kama da fadar zamanin da, ya cika shi da littattafai da tsofaffin makamai, ya sa masa fitilun gas, baƙi kuma ba sa yankewa. Domin biyan wannan, yakan karɓi kuɗin littattafan da ko sunansu bai riga ya zaɓa ba. Maɗaba'ar Ballantyne da kamfanin Constable da wakilansa na Landan kuwa kowanne yana sa hannu a takardun lamunin ɗan'uwansa, ana kai su banki ana karɓar kuɗi. Muddin kasuwa na tafiya babu wanda ke tambaya. Da rikicin kuɗi ya faɗa wa bankunan Landan a ƙarshen 1825, kamfanin Landan ya faɗi, ya ja Constable, Constable ya ja Ballantyne. A lokacin babu dokar da ke taƙaita asarar mai hannun jari, don haka bashin maɗaba'ar ya hau kan Scott, sirrin kuma ya tonu.

Bashi hanji ne, in ji masu magana, amma yadda mutum ya yi da nasa shi ke nuna ko shi wane ne. Scott ya sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa duk kuɗin rubutunsa ga amintattu domin biyan masu bin sa. Wanda ya shugabanci taron masu bin bashin shi ne Sir William Forbes, mutumin da ya aure masa budurwa shekara kusan 30 da suka wuce, kuma shi ne ya fi kowa sassauta masa. Aka bar masa albashinsa. Abbotsford ta tsira domin tun 1825 an rubuta ta da sunan babban ɗansa lokacin aurensa. Gidansa na Edinburgh kuwa aka sayar, ya koma zaman haya. A watan Mayun 1826 matarsa ta rasu.

A cikin wannan hali ne gwamnatin Landan ta yi niyyar hana bankuna buga takardun kuɗin da ba su kai fam biyar ba. A Sikotlan takardar fam ɗaya ce kuɗin yau da kullum. Scott, duk da kasancewarsa mai goyon bayan haɗewar ƙasa kuma ɗan jam'iyyar da ke mulki, ya rubuta wasiƙu uku a jarida da sunan aro, yana nuna cewa cuta ta Ingila ce, bai kamata a ɗura wa Sikotlan maganinta ba, kuma haɗewa ba ta nufin a shafe tsarin kowane ɓangare. Gwamnati ta janye dokar game da Sikotlan. Har yau hotonsa na kan takardun kuɗin Bank of Scotland.

Ya ci gaba da rubutu ba dare ba rana. Woodstock ya fito a 1826, tarihin Napoleon mai juzu'i tara a 1827, ga tarihin Sikotlan da ya rubuta wa jikansa. A watan Fabrairun 1827, a wata liyafa a Edinburgh, ya amsa a bainar jama'a cewa shi ne marubucin Waverley da sauran. Cikin shekara biyu ya samar wa masu bin sa kusan fam 40,000. Daga 1829 aka fara sake buga littattafansa a farashi mai rahusa tare da ƙarin bayanansa, ana fitar da juzu'i ɗaya kowane wata, kuma wannan ya fi komai kawo kuɗi. A ƙarshen 1830 masu bin bashin suka mayar masa da ɗakin karatunsa da kayan gidansa kyauta, domin nuna godiya.

Amma jiki ya gaza. A farkon 1830 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara taɓa shi, ya ajiye aikin magatakarda a shekarar, ciwon kuma ya sake dawowa. Littattafansa na ƙarshe sun nuna raunin da ya same shi. Ya kuma tsaya kai da fata yana adawa da gyaran dokar zaɓe da talakawa ke nema, har jama'a suka yi masa ihu a garin Jedburgh a 1831. A ƙarshen shekarar gwamnati ta ba shi gurbi a jirgin ruwan yaƙi zuwa Malta da Italiya domin neman lafiya. Bai samu ba. Aka dawo da shi Abbotsford, inda ya rasu ranar 21 ga Satumban 1832 yana da shekara 61. An binne shi kusa da matarsa a kangon tsohuwar majami'ar Dryburgh. Sauran bashin an kammala biyan sa a 1847, da kuɗin haƙƙin mallakar littattafansa.

Abin da ya bari

Hanyar da ya buɗe ta kai nesa. Balzac da Victor Hugo da Alexandre Dumas a Faransa, Manzoni a Italiya, Pushkin a Rasha, da Fenimore Cooper a Amurka duk sun ɗauki darasi daga gare shi. A Masar, ana yawan kwatanta Jurji Zaidan da shi, saboda jerin labaran da ya rubuta a kan tarihin Musulunci. Ba kowa ne ya yaba ba. Mark Twain ya zarge shi da cusa wa masu bayi na kudancin Amurka mafarkin jarumta da alfahari da asali, wanda a ganinsa ya taimaka wajen kai su ga yaƙin basasa. Masu karatun ƙarni na 20 kuwa suka ga labaransa sun cika tsawo da jan ƙafa, kuma gaskiya ne saurin rubutu ya bar kura-kurai a yawancinsu.

Duk da haka, tambayar da ya sa a gaba ba ta tsufa ba: yaya al'ummomin da suka yaƙi juna za su zauna cikin ƙasa ɗaya, ba tare da wanda aka rinjaya ya rasa tarihinsa ba, ba kuma tare da an sake zare takobi ba? Amsarsa ita ce a ba da labarin kowane ɓangare da adalci. A tsakiyar Edinburgh an gina masa hasumiyar tunawa mai tsawon mita 61, babbar tashar jirgin ƙasan da ke gefenta kuma sunanta Waverley.